Shawwayar da Ta Shaƙe a Saman Benenmu

Ranar Litinin aka hau da ita saman benenmu a unguwar Bani Malik, a Jidda. Na dawo daga makaranta na tarar da wanet a ƙofar gida, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ga maza huɗu a matattakala suna nishi, kowa yana koya wa ɗan'uwansa yadda ake ɗaukar kaya. Na raɓe a bango, jakata a ƙirji, har suka wuce. Abin da suke ɗauke da shi baƙi ne, mai ƙafa huɗu, cikinsa kamar ganga a kwance, da wani akwati manne a gefe, ga wayar lantarki tana jan ƙasa a baya kamar jela. Wai shawwaya ce, abin gasa nama. Kafin ranar ban taɓa ganin murhun da sai an jona shi a bango ba.

Baba mai sairiya ne. Shi a gida tsire yake cewa, a Sudan inda aka haife shi agashe ake cewa, mutanen Jidda kuma sairiya. Nama dai ɗaya ne, da yajinsa da ƙuli-ƙulinsa da gawayinsa. Tun kafin a haife ni yake gashi a shagon wani dattijo, wanda shi ne kafilinsa. Da sa hannun dattijon ake sabunta wa Baba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, mu kuma takardunmu duka a jikin ta Baba suke rataye. Da gwiwa ta hana dattijon fita, sai ɗansa ya karɓi shagon. Ɗan ya yi karatu a waje, ya dawo da baƙin tabarau da ra'ayoyi, kuma ra'ayinsa na farko shi ne gawayi ƙazanta ne. Shi ya sayo shawwayar, ya ce daga yau a kanta za a yi gashi.

Ta yi kwana tara tana aiki, a na goma ta tsaya. Masu sayar da ita suka ce sai dai a jira kayan gyara daga waje. Ɗan kafili ya ce ba wani kayan gyara, Baba ne ya lalata ta da gangan, tunda kowa ya san ba ya ƙaunarta. Baba ya rantse bai yi mata komai ba. Ɗan kafili ya ce to a kwashe ta daga shagonsa a kai wa wanda ya ɓata, ranar Alhamis bayan la'asar zai zo ya gani. In tana aiki, halas, magana ta ƙare. In ba ta aiki, shi ba zai sa hannu a sabunta iƙamar mutumin da ke lalata masa kaya ba. Saura wata ɗaya iƙamar Baba ta ƙare. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini wannan. A bakin kicin na ji, Inna tana yanka albasa, wuƙar tana sauka da ƙarfi fiye da yadda albasa ke bukata.

Da yamma na hau shanya, na tsaya na kalle ta da kyau. Duk fankamar da ake yi, aikinta ba wani abin mamaki ba ne. A akwatin gefe ake zuba abincinta, wasu ƙwayoyi ne na garin katako da aka matse, gajeru masu sheƙi. Baba kashin akuya yake ce musu, kuma duk wanda ya gan su ba zai ce ya yi musu ƙazafi ba. A ƙarƙashin akwatin akwai bututu, a cikin bututun akwai ƙarfe mai murɗi irin na cikin injin niƙa nama. Wani ɗan mator ne yake juya ƙarfen, ƙarfen ya riƙa tura ƙwayoyin kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko a tsakiyar gangar, a can wuta take kama su, fanka tana hurawa. Wato abin da Baba yake yi da tafin hannu da mafici tun yana saurayi, shi ne aka haɗa mator da fanka da waya don a yi. Yanzu kuma fanka tana hurawa, kasko yana zafi, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗowa.

Ranar Talata Muhandis ya zo.

Mijin Yayata ne. A tashar jiragen ruwa yake aiki, kuma in ka ji yadda yake faɗin haka sai ka ɗauka jiragen ba sa shigowa sai da izininsa. Ainihin aikinsa shi ne tsayuwa a ƙofar wani sito da hular kwano yana ɗaga wa direbobi hannu. Sunan Muhandis kuwa, wato injiniya, shi ya raɗa wa kansa tun ranar da ya wanke ragar mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, ta daina ɗiga. Ya hau da akwatin kayan aiki ja, ya buɗe shi a gaban Baba kamar mai buɗe lefe. Na lura rabin kayan ko daga ledarsu ba a fitar da su ba.

Inna ba ta hawa inda surukinta yake, don haka ni aka aika da shayi. Telan da ke zaune a hawan ƙasa shi ma ya hau, da tef a wuya, don ba a taron maza a gidan nan ba tare da shi ba.

"Baba, wannan basit ne," in ji Muhandis, yana naɗe hannun riga. "Minti biyar, inshallah. A wajen aiki abin da muke gyarawa ya fi gidan nan girma."

Baba ya ce, "Allah Ya yi albarka."

Abin da Baba zai iya cewa ke nan. Miji ne ga 'yarsa ta fari, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya kiran sunansa, balle ya ce masa ajiye wannan gudumar. Ko da Muhandis zai cinna wa benen wuta, Baba zai ce Allah Ya yi albarka, sannan ya nemi takalmansa.

Muhandis ya jona ta. Fanka ta tashi. Ya kashe, ya zare fis, ya ɗaga shi sama yana hangen rana ta cikinsa, ya sa sabo. Ni da ke aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, na san da fis ne ya ƙone da fankar ba ta tashi ba, amma ba a tambaye ni ba. Ya kwance murfin gefe, ya bar notunan a ƙasa suna gangarewa, tela yana tare su da ƙafa. Ya ciro waya ya kunna bidiyon wani Bature mai gemu yana bayani da harshen da na tabbata ba ya ji, yana kallo yana gyaɗa kai yana cewa, "Aywa, aywa, bizzabɗ." Tela ya ce shi a ganinsa baki ne ya kama ta, don ranar da aka kawo ta shago jama'a sun taru suna kallo, kuma ba kowa ne ya ce masha Allah ba.

"Ya sheikh, wane baki? Wannan kimiyya ce."

"To kimiyyar ba ta jin baki ne? Kekena na ɗinki ma Bature ne ya ƙera shi, amma ranar da wata mata ta yaba shi allura uku na karya."

"Hannunka ne ya tsufa."

"Hannun da ya ɗinka maka rigar angwanci, ka zo kana roƙon a rage ta wajen ciki?"

Baba bai yi dariya ba. Yana zaune a kan bulo, hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

Muhandis ya sake jonawa, ya leƙa matorin na tsawon numfashi biyu, ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba, ya kara kunne. Sai ya ɗauki guduma ya ba shi biyu masu kyau. Ya miƙe yana goge hannun da bai yi datti ba.

"Baba, mushkila fil mator. Ya mutu, Allah yarhamu. Sai sabo, kuma sabo sai daga waje, sati uku in an yi sa'a." Ya ɗan yi tunani. "Sai dai in Inna za ta ba mu aron na injin wanki."

Ni kuwa duk wannan lokacin ina tsugune a gefe da tire, kuma Allah Ya sa idona daidai yake da matorin. A jikin ɗan ƙarfen da ya fito daga bakinsa akwai wani ƙarzane siriri, kamar an ja allura. Da na zuba wa Baba shayi, ƙarzanen yana kallon tankin ruwa. Da na zuba wa tela, ya koma kallon sama. Na ɗauka idona ne. Na tsaya da buta a hannu na kafa masa ido. Yana tafiya. A hankali yake tafiya kamar hawainiya, ya ɗan juya, ya tsaya ya huta, ya sake ɗaukowa. Haka aka yi shi, don ba a so ƙwayoyi su zubo gaba ɗaya. Wanda ya kalle shi na numfashi biyu dole ya ce ya mutu. Amma ƙarfe mai murɗi, wanda bakin matorin ya shiga cikin gindinsa, ko motsi ba ya yi. A wajen da suka haɗu akwai wata 'yar huda da ta ratsa su, kuma ba komai a cikinta. Na duba ƙasan akwatin, sai ga wani guntun ƙarfe mai haske, bai fi ƙwayar shinkafa ba, gefe ɗaya a karye.

Sau uku na buɗe baki. Na farko Muhandis yana magana. Na biyu ma yana magana. Na uku ya yi shiru yana kurɓar shayi, ba abin da ya hana ni sai ni kaina. Haka nake tun ina ƙarama, ko a aji in na san amsa sai in sunkuyar da kai har wata ta faɗi ba daidai ba a yaba mata ƙoƙari. Da nake tattara kofuna na sa yatsa na ɗauke guntun ƙarfen, na sauka. A matattakala na ji Muhandis yana cewa shayin ya yi sanyi.

Ranar Laraba guntun yana aljihun rigar makarantata. A darasin lissafi na yi ta juya shi da yatsa har ya yi mini shaida a fata. Na ce wa kaina, gobe Alhamis, kuma mutum uku manya sun yi wa mator mai rai jana'iza, ke kuma kina zaune kina jin kunya kamar kunya za ta sa hannu a takarda.

Da na dawo Baba yana sama, a inuwar tanki, tunda an ce kada ya zo shago sai an ga abin da hali ya yi. Ban saba ganinsa a gida da rana ba. Inna ta ba ni abincinsa in kai. Na ajiye tiren, na ɗora guntun ƙarfen a gefen faranti, na ja da baya.

"Uwata, mene ne wannan?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Baba, matorin bai mutu ba."

"Mijin yayarki ya ce ya mutu."

"Ka jona ta, Baba. Ka kalli nan, wajen wannan ƙarzanen. Kada ka ɗauke ido."

Ya dube ni, ya dubi abincin, sannan ya tashi ya jona. Abu ɗaya da Baba ya fi kowa iyawa shi ne kallo. Mutumin da zai tsaya a kan tsire ya san lokacin da kitse zai ɗiga tun bai ɗiga ba, kallon mator ba zai gajiyar da shi ba. Ya tsuguna, ya kafa ido, har na fara tsoron ko jiya gudumar ta ƙarasa matorin da gaske. Can ya ce, "La ilaha illallah. Yana tafiya."

Na nuna masa hudar. Na ce ina jin wata 'yar ƙusa ce take ratsa su ta haɗa su, ita ce ta karye, shi ya sa mator yake juyawa shi kaɗai. Baba ya ɗauki guntun ya gwada a bakin hudar, ya shige daidai.

"To me ya karya ta? Ƙarfe ba ya karyewa don nishaɗi."

Wannan ban sani ba. Ya zare wayar daga bango, ya kama gindin ƙarfe mai murɗi da filaya ya gwada juyawa. Kamar an dasa shi a siminti.

Na sauka na ɗauko kwanon awo da buhu, Inna ta biyo ni tunda yau ba suruki. Muka fara kwashe ƙwayoyin daga akwatin. Na sama lafiya lau suke, masu santsi, suna ƙara a kwano. Da muka yi ƙasa sai suka fara canjawa, sun kumbura, sun dushe, in ka taɓa su marmashe. A can ƙasa kuwa, a bakin bututun, babu ƙwaya ko ɗaya. Dunƙule ne guda, ya bushe ya yi tauri kamar tuwon da ya kwana uku a tukunya.

Baba ya kwance notuna huɗu, ya zare matorin ya ajiye shi a kan tsumma a hankali kamar jariri. Akwai wani farin zobe na roba da ƙarfen yake juyawa a cikinsa, noti ɗaya ne ya riƙe shi, ni na gano shi don yana ɓoye ta ƙasa. Sai Baba ya kama ƙarfen da filaya, ya kafa ƙafa a jikin shawwayar, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito.

Inna ta ce, "Malam, ja kake yi?"

"To tura zan yi?"

"Shekara nawa kana wucewa ta kaina ina kwance injin niƙa? Abu mai murɗi ba a jansa. Murɗawa ake yi baya, ya fito da ƙafarsa."

"Wannan ba injin niƙa ba ne, Hajiya."

"Ƙanensa ne. Ba shi da aikin yi ne kawai ya shiga gidan masu kuɗi."

Ya murɗa baya, bai motsa ba. Inna ta ce sai an sassauta masa tukuna. Ta aike ni na ɗauko tsinkayen ƙarfe na tsire guda biyu, dogaye. Baba ya cire ragar gashi da farantin da ke ƙarƙashinta, ya shiga ta wajen kasko yana tsokala, ni kuma ta wajen akwati, don hannuna ne kaɗai yake shiga lungun. Mun fi awa muna ƙwaƙula. Iskar teku ba ta zo ba ranar, sai danshi mai manne riga a baya. Garin yana fitowa kaɗan-kaɗan, Inna tana sharewa, tana cewa Baba ya sake gwadawa. Ya murɗa, ya ɗan motsa kamar faɗin farce. Muka ƙara ƙwaƙula. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Aka kira la'asar, ya sauka ya yi salla ya dawo. A gwaji na ban san nawa ba ƙarfen ya yi wani ƙugi, ya fara fitowa yana juyi, dogo ne fiye da yadda na zata, duk jikinsa a lulluɓe da busasshen gari.

A nan na ga jan. A cikin dunƙulen da ya faɗo akwai ɗigo-ɗigo ja, ƙanana, ko'ina. Katako ba shi da irin wannan jan. Na ɗauki ɓari na kai hanci. Barkono ne, da citta, da ɗan ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na dubi Inna, na ga ita ma ta gani, don ta daina shara.

Baba ya karɓi ɓarin daga hannuna, ya marmasa, ya shinshina.

Duk mai gashi yana da kwanon ruwa a gefensa. In wuta ta yi fushi, ya tsoma hannu ya yayyafa mata, ta kwanta, hayaƙi ya tashi ya shiga naman. Hannun kuma shi ne dai wanda yake cikin yaji tun safe.

"Naman ba ya ƙamshi," in ji Baba, ba ya kallon kowa. "Yana nuna, amma ba ya ƙamshin wuta. Mutane suna ci suna dubana. Kaskon yana can ƙasa a rufe, hannu ba ya kaiwa. Sai na ce bari in yayyafa wa kashin akuyar tun daga akwati, in ya isa wuta da ɗan danshinsa ya yi hayaƙi. Hannu biyu ne kawai, kowace safiya."

Inna ta ce, "Kai da ka rantse ba ka yi mata komai ba?"

"Yayyafi ai ba komai ba ne."

Da gaskiyarsa yake faɗa. Na ɗauki kofin shayi, na zuba ƙwaya biyar masu kyau, na ɗiga musu ruwa daga butar alwala, na ajiye a gabansa. Kafin Inna ta gama ɗaure buhu sun kumbura sun cika gindin kofin, sun koma garin katakon da suke tun asali. Wannan garin ne ya cushe a bututu, zafi ya busar da shi, mator ya yi ta turawa har ƙusar ta gaji. Baba ya kalli kofin ya ce, "Itacen da ke tsoron ruwa. Allah Ya kyauta."

Sauran aikin ba wuya. Inna ta goge ƙarfen da soson ƙarfe har ya yi haske, ni na ɗaura tsumma a tsinke na yi ta zura shi a bututun har ya fito ba datti. Baba ya sa guntun ƙusar a aljihu ya tafi shagon kayan gini da ke bakin titi, ya dawo da ɗan noti siriri mai kai, daidai hudar. Muka mayar da ƙarfen, da zoben roba, da mator, ya zura notin ya ɗaure. Da fari muka jona ta ba komai a ciki. Mator ya juya, ƙarfe ya bi shi. Sannan muka zuba busassun ƙwayoyi daga wani buhu da aka kawo tare da ita, wanda ba a buɗe ba, muka tsaya mu uku a kan kasko kamar masu jiran haihuwa. Ta ɗauki lokaci, don hawainiyar ba ta canja hali ba. Sai muka ji ƙwas. Sai wani ƙwas. Kafin a kira magariba hayaƙi siriri ya fara fita.

Da muke saukowa Inna ta ce, "Gobe in ya tambaya, ƙusa ce ta karye, ka sa sabuwa. Ba ƙarya a ciki. Ka tsaya a nan."

Baba ya ci gaba da sauka, filaya a hannunsa.

Ranar Alhamis Muhandis ya riga kowa zuwa, cikin farar tobe mai guga, doguwar rigar nan ta Larabawa, wai ya zo ya tsaya wa Baba a yi wa ɗan kafili bayanin kimiyya. Ya tarar da ita tana hayaƙi. Na ga fuskarsa ta yi kamar ta wanda ya taka sabulu, amma bai faɗi ba.

"Ma gult lak, Baba? Ban gaya maka ba? Irin wannan matorin in ka buge shi a wajen da ya dace, sai ya kwana biyu sannan ya farfaɗo."

Baba ya ce, "Allah Ya yi albarka."

Ɗan kafili ya iso bayan la'asar. Turarensa ya riga shi hawowa. Yana tafe yana ɗage tobe kada ta taɓa matattakalarmu, wadda Inna ta wanke da safe. Ni ina bayan ƙofar bene, ta tsagar da ke wajen ƙyaure. Ya zagaya shawwayar, ya danna maɓalli, ya kashe, ya kunna, ya buɗe murfi ya ji ƙwayoyi suna faɗawa. Na ga bai ji daɗi ba. Mutum ya shirya faɗa tun daga gida, ya zo ya tarar ba wurin ajiye shi.

Da Larabci ya tambaya me ya same ta. Muhandis ya matso ya fara, wai matsalar ta haɗa da wutar unguwa da kuskuren masu ƙira, kuma shi a tashar jiragen ruwa ya sha ganin irinta.

"Ya amm, kai na tambaya," in ji ɗan kafili, yana duban Baba.

Baba ya ce ƙusa ce ta karye. Na saki numfashi. Sai ya ci gaba. Ya ce ta karye ne don bututu ya cushe, bututu ya cushe ne don ƙwayoyin sun jiƙe, kuma shi ya jiƙa su da hannunsa, kwana tara, don naman ya yi ƙamshi. Ya ce ranar da ya rantse bai san haka ba ne, yanzu ya sani.

Muhandis ya ja baya taku biyu, ya shiga duba wayarsa.

Ɗan kafili ya cire tabarau. Ranar na fara ganin idanunsa, ƙanana ne. "Moya? Ruwa ka zuba a na'urar lantarki?" Fuskarsa ta washe, ya samu wurin ajiye faɗansa. Ya kira mahaifinsa a waya, ya buɗe murya don kowa ya ji, ya zayyana masa komai, ya ƙara da abin da ba a yi ba. Ya ce ga shi da bakinsa ya amsa, don haka maganar iƙama sai a sake tunani.

Muryar dattijon ta fito a shaƙe, da tari a ciki. Ya ce yanzu tana aiki ko ba ta aiki?

Ɗan ya ce tana aiki, amma.

Ya ce wa ya gyara?

Baba ya ɗan sunkuya wajen wayar ya ce, "Iyalina." Ba ya ambaton matarsa ko 'yarsa a gaban maza, wannan kalmar ce iyakarsa. Muhandis kuwa da ya ji haka sai ya mayar da waya aljihu, ya dawo taku biyun da ya ja, ya gyara wuyan tobe.

Dattijon ya ce mutumin da ya ɓata abu ya gyara, kuma ya faɗa da bakinsa ba a matsa shi ba, me kuma ake nema a wajensa? Ya ce a sabunta masa takarda ranar Lahadi, kuma kada a sake tashinsa daga barci a kan murhu. Ya kashe.

Ɗan ya mayar da tabarau. Ya ce tayyib, amma daga yau kada ya sake ganin kwanon ruwa a shagon, ko na sha ne a ajiye shi a waje. Baba ya ce to.

An sabunta iƙamar a makon da ya biyo. Baba ya koma aiki, yana zuba ƙwayoyi, yana danna maɓalli, yana zama a kujera. Ran Juma'a ya kawo mana sairiyar da shawwayar ta gasa, a cikin farar roba mai murfi. Ta nuna ko'ina daidai, ba inda ya ƙone, ba inda ya yi ɗanye, kamar a ofis aka yi ta. Inna ta ci tsinke ɗaya, ta tashi ta ɗauko gwangwanin yaji. Ni na cinye nawa, tunda nama ne.